Tsatsa Bayan Ambaliya: Gyaran Injin Ban Ruwa da Kayan Noma a Fadamar Argungu

Ambaliyar da ta auka wa Jihar Kebbi a ƙarshen daminar 2020, an fi tuna ta da gonakin shinkafar da ta shafe. Ba a cika maganar ƙarafan da ta jiƙa ta bari a ɗakunan ajiya na bakin fadama ba, alhali da su ne manomi zai tayar da noman rani ya rage asara. Lamarin da ke nan na wani manomin shinkafa ne a fadamar da ke kusa da Argungu. A ɗakin ajiyarsa akwai injin ban ruwa mai bakin inci 3, ƙirar Sin, irin wanda aka kwaikwayo daga Honda GX160. Akwai garmar shanu ta huɗa irin Emcot. Akwai hauyoyi, lauje da adda. Sai akwatin sifanoni da filaya. A gefe guda kuma ga ragowar buhunan takin NPK da yuriya. Ruwa ya kwanta a ɗakin kusan mako biyu, ya rufe injin gaba ɗaya, sannan ya janye. Ba a sake taɓa kayan ba sai farkon Disamba, da aka tashi shirin zuba iri.

Mai kayan ya ɗora laifin kan mako biyun da suka yi a cikin ruwa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa, kuma a ƙarƙashin ruwan da ya kwanta iskar kaɗan ce, don haka cin yana tafiya a hankali. Ɓarnar ta faru ne a wata biyu da 'yan kai da suka biyo baya, lokacin da laka ta manne wa ƙarfen tana riƙe da danshi, iska na shiga, ɗaki a rufe, ga zafin Oktoba. Takin da ya narke ya ƙara tsananta abin. Yawancin NPK na ɗauke da gishirin fotash mai kulorin, shi kuwa ruwan gishiri yana hanzarta tsatsa, yana kuma sa ta riƙa haƙa ƙananan ramuka maimakon ta tsaya a sama. Shaidar hakan a fili take: hauyar da ke jingine da buhunan taki duk ta yi ramuka, 'yar'uwarta da ke rataye a bango kuwa ja kawai ta yi. Da an fito da injin a ranar da ruwa ya janye, an zubar da mansa, an cire filogi an juya shi, an zuba sabon mai an tayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, da aikin bai wuce na wuni guda ba.

Wani abin da ya shafi duk aikin shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Idan ta fito a tsakanin noti da tiredi, wato zanen jikin kusa da noti ke hawa, ko tsakanin ringi da silinda, kumbura take yi ta cike 'yar tazarar da ke wurin. Abin da ke sa noti ya kafe, fistin ya kama ke nan. Kuma ƙarfen da ya riga ya zama tsatsa ya tafi har abada. Duk wata dabara cire ta kawai take yi, ba ta mayar da abin da ya zaizaye.

Ruwan batir

Kafin kayan su iso hannun makaniki, wani yaron gidan ya riga ya gwada tasa dabarar. Ya samo ruwan batir, ya zuba a roba, ya jefa sifanoni uku, da wasu kusoshin injin, da sifirin ɗin igiyar tayarwa, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da igiyar ciki, suka kwana a ciki. Da safe sun fito fes, launin toka-toka, babu ɗigon ja. Aka goge su da tsumma aka ajiye. Washegari sun yi jan da ya fi na da, sifirin ɗin kuma ya karye tun a naɗin farko.

Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin uku nasa salfurik asid ne. Ba ya tsayawa a kan tsatsa. Da ya gama da ita sai ya shiga cin lafiyayyen ƙarfe. Tiredin kusoshin ya yi siriri har noti na rawa a kansu. Bakin sifana mai lamba 10 ya buɗe kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan ya isa ta riƙa zamewa tana cinye kusurwar noti. Asid ɗin ya kuma shiga ƙarƙashin farin rufin sifanonin ta wuraren da ya kwaile, ya ci gaba da aiki bayan an goge sama. Shi kuwa sifirin, matsalarsa daban ce. Yayin da asid ke cin ƙarfe, iskar haidurojin na fita, wani ɓangare nata yana shigewa cikin ƙarfen. Ƙarfe mai laushi bai cika damuwa ba, amma wanda aka taurara, irin su sifirin da kusoshin kan silinda, sai ya zama mai saurin tsinkewa ba tare da ya lanƙwasa ba. Garin neman gira aka rasa ido. Haka abin yake da asid ɗin wanke tayil, har ma ya fi muni ta wani fanni, don yana barin kulorin a cikin ramuka, tururinsa kaɗai kuma yana sa duk ƙarfen da ke ɗaki ɗaya da shi ya yi ja.

Ruwan da ya rage a robar an kashe ƙarfinsa ta hanyar barbaɗa masa soda ash, farar hodar nan da masu haɗa sabulun ruwa ke saya, kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, sannan aka zubar da shi nesa da rijiyar burtsatse da bakin gulbi.

Da aka karɓi aikin, abin da aka fara yi shi ne wanki da ruwa, omo da burushi, domin laka da maiƙo suna hana kowane magani isa ga ƙarfe, suna kuma ɓoye ainihin girman ɓarnar. Daga nan aka rarraba kayan. Ba yawan tsatsar da ke jikin abu aka duba ba, irin ƙarfensa da aikin da yake yi aka duba. Hauya za ta iya rasa rabin milimita na kaurinta ba wanda ya sani. Cikin silinda in ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na milimita ya tashi aiki.

Hauyoyi, adda da lauje ba su ci lokaci ba. Burushin waya, samfefa mai lamba 80, wasa baki da magagari, shafa mai. Laujen ne kaɗai aka bi a hankali don kada a shafe haƙoransa. Hauyar da taki ya ci aka mayar wa maƙeri ya sake buge bakinta, saboda ramukan sun kai inda take yin siriri. Ƙotoci biyu sun kumbura a ruwa sun kuma bushe sun tsage, aka sauya su.

Garma

Gangar jikin garmar ƙarfe ne mai kauri, tsatsa ba ta yi masa wani abin a-zo-a-gani ba. Wahalar tana kan notunan da ke riƙe baki da fukafukai. An fara goge tiredin da ya leƙo bayan kowane noti da burushin waya, don in ba haka ba noti zai kwance zagaye biyu ya sake kafewa a kan tsatsar waje. Aka ɗiga musu haɗin man gas da man giya na mota mai atomatik, rabi da rabi, safe da yamma har kwana biyu. Kafin a sa sifana, sai a tokare gefe ɗaya na notin da babbar guduma a bugi ɗaya gefen da ƙarama. Girgizar na farfasa tsatsar da ke cikin tiredi. Sifana mai zobe ake sawa, ba mai buɗaɗɗen baki ba. A fara ɗan ƙara ɗaure notin kamar za a matse shi, sannan a kwance kaɗan, a mayar, a ƙara mai, a sake kwancewa. Mai gaggawar da ya zura bututu a sifana ya danna da ƙarfi, murɗe kusar zai yi ta tsinke.

Huɗu sun fita a haka. Biyu sai da aka gasa su da wutar walda ta gas, bayan an goge man da aka ɗiga, aka kuma lulluɓe bakin garmar da jiƙaƙƙen buhu. Dalilin buhun shi ne bakin garma ƙarfe ne da aka taurara. In zafi ya kai shi har ya yi shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, taurin ya fara tafiya, ƙasa za ta cinye shi da wuri. Noti kawai ake so ya yi zafi ya buɗe, ba kusar ba. Biyun ƙarshe kansu ya riga ya zaizaye, sifana ba ta da wurin kamawa, aka tsaga su da kurfi da guduma. Ba a ɓata lokaci wajen ceto su ba, kuma daidai ne: noti ya fi fiffiken garma araha nesa ba kusa ba. Duk takwas aka sa sababbi, da giris a tiredi.

Fukafukan an bi su da burushin waya na giranda. An hana amfani da dutsen giranda, don yana barin kwari-kwari da laka za ta riƙa kamawa. Sauran aikin ƙasa ce ta yi: awa guda na huɗa a gonar tudu mai rairayi ya mayar da su sumul. Wannan ba ado ba ne. Fiffike mai kaushi yana riƙe laka, kunya ba ta kwanciya daidai, shanu kuma su gaji tun hantsi. Ba a shafa fenti a baki da fukafukai. Gangar jiki ce aka kankare, aka shafa mata maganin tsatsa mai fosforik asid wanda ke mayar da ragowar jan baƙi, ta kwana ta bushe, sannan jan fenti na ƙasa shafi biyu. Hannuwan garmar bututu ne, aka ƙwanƙwasa su da guduma aka ji ɗaya na amsawa a dushe wajen gindi. Ruwa ya kwanta a ciki ya ci shi ta ciki. Mai walda ya yanke wurin ya yi ƙari, aka huda rami na milimita 6 a ƙasan kowanne don ruwa ya riƙa fita.

Wanka da lantarki

Sauran sifanoni, filaya, tayar garma, fankar ruwa ta injin da gidanta na ƙarfen zubi, wanda makanikai ke kira kas, duk da lantarki aka cire musu tsatsa. Fifikon wannan hanya shi ne ba ta cin lafiyayyen ƙarfe, ko da abu ya wuce lokacinsa a ciki.

An yanka durom na roba gida biyu, aka zuba ruwa lita 40 a rabin, aka narkar da gram 400 na soda ash. Gram 10 ke nan a kowace lita, kusan cikakken cokalin cin abinci a lita biyu. Aka jera guntayen rodi huɗu a tsaye a zagayen durom ɗin ta ciki, aka haɗa kawunansu da waya a saman ruwa. Aka gitta sanda a bakin durom, aka rataye kayan da wayar ƙarfe a tsakiya, ba tare da sun taɓa rodin ba. Inda waya za ta kama kowane abu sai an kankare shi ya yi fari, in ba haka ba wuta ba ta shiga.

Baƙar waya, wato nagatif, ita ke zuwa ga abin da ake gyarawa. Jar waya, fozitif, tana zuwa ga rodi. In aka juya su, sifanar ce za ta narke rodi ya yi haske. Da yake babu wutar gari a wurin, faifan sola mai wat 100 aka haɗa kai tsaye, wanda ƙarfinsa bai wuce amfiya 5 zuwa 6 da tsakar rana. Ko wayoyi sun haɗu bisa kuskure ba zai wuce haka ba. Wanda zai yi da batirin mota dole ya sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a kan layin, domin in kayan suka taɓa rodi ƙwan ne zai kama, maimakon waya ta ɗau wuta. Cajojin batir na zamani da yawa ba sa ba da wuta sai sun ji batir a jikinsu, shi ya sa wasu ke gwadawa su ce dabarar ƙarya ce.

Minti kaɗan da haɗawa, ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikin sifanonin. Zuwa azahar saman ruwan ya rufe da jar kumfa mai kauri, rodin ya yi gashi-gashi na tsatsa. Kowace safiya sai a kankare rodin, don in ya toshe aikin ya tsaya. Wutar tana bin miƙaƙƙiyar hanya ne daga rodi zuwa abin, saboda haka gefen da ke fuskantar rodi ya fi saurin fita. Fankar ruwa sai da aka juya ta, aka kuma rataya guntun rodi a saitin kwarin fukafukanta. Sifanoni wuni guda ya ishe su, kas ɗin ya ɗauki wuni biyu, ga hazon hunturu na rage ƙarfin sola.

Abubuwa uku ne ba a yi wasa da su ba. A fili aka yi aikin, nesa da wuta da sigari, don kumfar nan haidurojin ce, tana kamawa. Ba a sa cokali ko kwanon silba a madadin rodi ba, domin irin wannan ƙarfen yana sakin gubar kuromiyam a ruwan. Ba a kuma sa gishiri ba, don yana fitar da iskar kulorin. Wani ya kawo shawarar kanwa tunda tana kusa kuma ga araha. Gaskiya ne akwai sodar a cikinta, amma tana zuwa gauraye da gishiri da ƙasa, ba a san yawansu ba, don haka aka bar ta.

Kayan suna fitowa ne da baƙin dafi a jiki, wanda burushi da ruwa ke fitarwa. Daga nan sai hanzari, domin tsiraicin ƙarfe jiƙaƙƙe yana fara yin ja kafin kwata na awa. A ɗauraye, a goge, a shanya a kan kwanon rufi mai zafi, a shafa mai tun da ɗuminsa. Bushewar iskar Disamba ta taimaka ƙwarai. Da a watan Agusta ne sai an haɗa da gashin wuta.

Injin

Nan ne aikin ya fi tsawo, nan ne kuma ya fi buƙatar haƙuri. Igiya ba ta ja, filawil, wato faifan ƙarfen da igiyar ke juyawa, ba ya motsi. Da aka kwance kusar zubar da mai, ruwa ne ya fara fitowa, sannan mai da ya gauraya da ruwa ya yi fari kamar kunun gyaɗa, sai laka a ƙarshe.

Gangar wannan injin alminiyam ce, an dasa mata hannun riga na kas a ciki, faɗinsa milimita 68, inda fistin ke kai da komo. Wannan ya hana amfani da durom ɗin lantarki, ya hana asid, ya kuma hana sodar sabulu mai ƙuna, don dukkansu suna taɓa alminiyam, ita sodar ma narkar da shi take yi. Farin garin da ke fitowa a jikin alminiyam burushi da kananzir sun ishe shi. Cikin silinda aikin hannu ne da mai.

An cire kan silinda. Ruwa ya shiga ta salansa da matatar iska, ya bi ta bawul ɗin da ya tarar a buɗe. Fistin ya tsaya a tsakiyar hanya, samansa cike da laka da ɓawon tsatsa. Da yake silindar irin wannan injin a kishingiɗe take, ruwan ya fi kwanciya a gefen ƙasa, can ne ɓawon ya fi kauri. Aka kwashe lakar, aka jingine injin yadda bakin silinda zai kalli sama, aka zuba haɗin man gas da man giya ya rufe fistin, aka bar shi. A kwana na uku man ya fara raguwa, alamar ya sami hanya ta gefen ringi.

Kuskuren da ake yawan yi a wannan gaɓa shi ne a sa soket a notin filawil a danna da dogon bututu. Kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ɗin da yake juyawa, alminiyam ne, yana lanƙwasa ko ya tsage, ringi kuma in aka tura shi ta kan ɓawon tsatsa karyewa yake yi ya karce silinda. Abin da aka yi shi ne, aka fara goge duk tsatsar da ke sama da fistin da samfefa mai lamba 400 jiƙe da mai, aka share. Aka cire famfon, aka buɗe murfin gefe, aka sa wa hular kwanrod alama don a mayar da ita yadda take, aka kwance ta, aka juya karanshaf ya kauce. Sai aka sassaƙa guntun icce mai faɗi kusan na fistin, yadda bugun zai sauka a gefuna, don tsakiyar kan fistin ba shi da kauri. Bugu kaɗan-kaɗan, ana ƙara mai. Da ya motsa ƙasa kamar milimita 3, zoben tsatsar da ringi suka kwanta a kai ya bayyana. Aka goge shi, sannan aka turo fistin ta ciki da ƙotar guduma ya fito ta sama.

Ringi duk sun maƙale a kwarinsu, biyu sun karye wajen cirewa. Guntun karyayyen aka yi amfani da shi wajen kankare kwarin. Silindar aka goge da samfefa 320 sannan 400, da kananzir, ana murzawa a karkace hagu da dama yadda zanen zai gitta juna, ba sama da ƙasa ba, domin wannan gittaccen zane ne ke riƙe mai. Bayan nan wanki da ruwan zafi da sabulu har farin tsumma ya fita ba baƙi. Fetur ba ya fitar da garin samfefa, in kuwa ya rage a ciki shi zai cinye sababbin ringi.

Sai hukunci. A gefen ƙasa, inda ruwa ya kwanta, an sami layin ƙananan ramuka mai tsawon kamar santimita 2, farce na ɗan kamawa in an ja shi a kai. Da ramukan suna can ƙasa inda ringi ba ya kaiwa, da ba komai. Da suna sama kusa da baki, inda matsi ya fi yawa, da sai sabuwar ganga. Waɗannan a tsakiya suke. Aka zura sabon ringi cikin silindar, aka daidaita shi da kan fistin, aka auna tazarar bakinsa da filageji, wato siraran ƙarafan awon tazara: milimita 0.45. Ƙa'idar sabo 0.2 zuwa 0.4 ce, iyakar da ake yarda da ita 1.0. Wato silindar ba ta buɗe ba, ramukan ne kawai aibinta. Aka gaya wa mai injin gaskiya: zai tashi, zai ja ruwa, amma zai riƙa ɗan shan mai. Ya zaɓi a haɗa a haka, saboda lokacin dashe ya matso.

Boris biyu na karanshaf, wato zoben ƙwallayen da yake juyawa a kai, masu lamba 6205, ba a ko gwada wanke su ba. Boris ɗin da tsatsa ta taɓa ƙwallayensa ya gama, ko ya juya sumul a hannu zai fara ƙara cikin 'yan kwanaki. An sauya su tare da sil ɗin mai, wato zoben robar da ke hana mai ɗiga. Wuyan karanshaf an goge shi da siririn samfefa 600 da mai, ana ja kamar ana goge takalmi da ƙyalle a zagaye. Bawul biyu an goge sandunansu, an niƙa bakinsu a mazauninsu da man niƙa bawul har zoben toka ya zagaye ba yankewa, aka gwada da kananzir bai ɗiga ba. Sifirin ɗinsu sababbi aka sa, don rami ɗaya a jikin sifirin nan ne zai karye. Tsatsar da ke kan maganaɗisun filawil ba ta hana wuta, sai dai kumburinta na iya gogar kwayil. Aka goge, aka saita tazarar a milimita 0.4.

Kafireto ba a kai shi kusa da asid ba, don jikinsa haɗin tutiya da alminiyam ne. Fetur, iska, da silin waya ɗaya mai laushi don buɗe jet. A kayan injin, tankin mai ne kaɗai aka yi wa asid, shi ma mai sauƙi. Bayan an wanke shi da omo, aka zuba notuna cikin tafin hannu da ruwa aka girgiza har ɓawo ya daina fita, sannan aka cika shi da ruwan ɗumi mai sitirik asid, gram 50 a lita, ya kwana. Ruwan khal na kanti, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, zai yi wannan aikin cikin awa 12 zuwa 24. Jiƙon tsamiya ma yana yi, sai dai a hankali. Lemon kwalba da ake yawan faɗa, asid ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga sukari. Da safe aka zubar, aka ɗauraye da ruwan bekin soda, cokali ɗaya a lita, sannan ruwa zalla, aka shanya. Da aka ɗaga shi a rana aka leƙa, haske na shigowa ta huji uku a gindi. Tsatsar ce dama ta toshe su. Tankin fetur ba a kai shi wurin walda, ko ya bushe, saboda tururin da ke maƙale a ciki yana fashewa. Aka sayi sabo. Da an ƙwanƙwasa gindin da tsinin sukudireba tun farko, da an huta da wahalar kwana guda.

A ɓangaren famfo, sil ɗin ruwa da ke bayan fanka an sauya shi, domin sifirin ɗinsa ya ci, fuskarsa kuma ta karce. Wurin da yake zama a kan shaf an goge shi da samfefa 600, aka shafa giris a tiredin fanka don wanda zai kwance ta nan gaba.

Wajen haɗawa, kusoshin kwanrod an ɗaure su da ƙarfin matsi na niyuton-mita 12, na kan silinda 24, ana bin su a gicciye, kusoshin da suka kwana a ruwan batir kuma sababbi aka sa a madadinsu. Tazarar bawul, injin na sanyi, milimita 0.15 ga na shiga, 0.20 ga na fita. Ta filogi 0.7 zuwa 0.8. Mai lita 0.6. Aka cika gidan famfo da ruwa kafin a ja igiya, don sabon sil in ya juya a bushe ƙonewa yake yi nan take. A ja na huɗu ya tashi. Aka bar shi rabin awa a ƙaramar wuta, aka zubar da man, wanda ya fito da ɗan duhu da ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, aka zuba sabo, aka sake sauyawa bayan awa biyar na aiki.

Injin ya ja ruwa daga rijiyar burtsatse har aka girbe shinkafar rani. Yana fitar da ɗan shuɗin hayaƙi in an ƙure masa wuta, ana ƙara masa mai kamar rabin kofin shayi bayan kowane wuni biyu na aiki, filogi kuma sai an goge shi duk mako. Bayan girbi aka sauya gangar, aka mayar da karanshaf, bawul da fankar da aka gyara a cikin sabuwar.